Alhaji Tambari da Tuwon Kalgo

Alhaji Tambari bai taɓa ajiye motarsa a ƙofar gidan abincin Rahamatu ba. Can bayan rumfar masu faci yake kai ta, ya tuɓe babbar riga ya ninke a kujera, ya sa baƙin tabarau, sannan ya tako da ƙafa yana waige-waige.

A gida ya ce wa matarsa Hajiya Habiba zai je Kalgo sayen shinkafa. Ba ƙarya ya yi ba, ga buhuna nan a bayan mota. Sai dai shinkafa ba ta ƙare a kasuwar Gwandu ba, kuma wanda shinkafa kaɗai ta fito da shi ba ya ƙin karyawa tun asuba don ya bar wa cikinsa fili.

Ko a Birnin Kebbi bai tsaya ba, duk da gidajen abincin da ke can. Garin cike yake da ma'aikata 'yan Gwandu, kowanne da baki. Alhaji ya sani sarai, ranar da mutumin Gwandu ɗaya ya gan shi da faranti a gabansa, labarin zai riga shi isa gida, abin da ya yi shekara da shekaru yana ginawa kuma ya rushe. Shi ya sa yake ƙara tafiya har Kalgo, ya shige lungun da Rahamatu ta rataya wa labule saboda manya masu jin kunyar a ga suna tauna.

Aka kawo tuwon shinkafa mai tururi, da miyar taushe, da farfesun kifin da aka kamo da safen nan. Alhaji ya ɗebi miyar da yatsa ya ɗanɗana, ya lumshe ido. Man gyaɗan sabo ne, ba wanda aka soya abu da shi sau uku ba. Tumatirin lafiyayye ne. Ya juya naman da ke cikin miyar, ya ga tsoka zalla, har ya ji tausayin matar ya kama shi. Da wannan gaskiyar tata, in ba ta yi hankali ba, ko keke ba za ta saya ba.

A Gwandu ma akwai gidan abinci, babba, a bakin tasha, mai fanka da talabijin, kullum cike da mutane. Alhaji ko ruwan wurin ba ya sha. Ya san kwandon tumatirin da ake kai musu, wanda 'yan gwari suka fid da rai da shi. Ya san saniyar da ake yanka musu, wadda in an ƙara mata awa ɗaya za ta hutar da mahauci. Ya san miyar jiya ba ta mutuwa a gidan, ruwa da barkono ake ƙara mata ta wayi gari sabuwa. Mutane kuwa suna ci suna lasar hannu, abin har mamaki yake ba shi.

Yana tsakiyar kai loma ya ji sallamar da ta sa hannunsa ya tsaya a iska. Malam Bashir ne, malamin firamare a Gwandu, mutum mai kirki da yawan magana.

Ba abinci ya zo ci ba. Ruwan ɗumi ya roƙa zai sha magani. Kafin ruwan ya iso ya riga ya ba Rahamatu tarihinsa kaf: daga asibiti yake, ya biyo Kalgo duba ƙanwarsa. Cikinsa ne ya hana shi sakat wata da watanni, har wandonsa ya daina zama a ƙugu. Iyalinsa suna Maruda, don haka safe da rana a waje yake ci. Likita ya tambaye shi a ina, shi kuwa ya ce masa kada ma ya ɓata lokacinsa ta nan.

"Wuri guda nika cin abinci, Hajiya, can bakin tasharmu ta Gwandu," in ji shi. "Mai wurin ga mutum ne mai tsoron Allah, sahun gaba kullum. Ni dai na fi zargin ruwan rijiyar makaranta."

Bayan labule, gumi ya jiƙe Alhaji har cikin singileti. Tsoro ya kama shi na gaske. Ya duba hagu da dama, ba ƙofar baya, tagar kuma ko akuya ba ta fita ta cikinta. Ya yanke shawarar ya zauna shiru har mutumin ya tafi. Don kada a ji motsin bakinsa, sai ya haɗiye kifin da ke ciki ba tare da ya tauna ba.

Ƙaya ta tsaya masa a maƙogwaro.

Ya danne tarin, ya sake dannewa, idanunsa suka kawo ruwa. Daga ƙarshe abin ya ƙwace masa, tabarau ya faɗa cikin farfesu. Malam Bashir, da yake ba ya iya ganin bawan Allah cikin wahala, ya zabura da kofin ruwansa, ya yaye labulen, ya shiga bubbuga bayan baƙon yana yi masa sannu har ƙayar ta fito.

Sai a sannan ya dubi fuskar. Ya dubi tuwon da aka ci rabi, ya dubi ƙasusuwan kifin da aka tsotse tas, ya dubi ledar maganin da ke hannunsa. Da ya buɗe baki, a hankali ya yi maganar, cikin ladabi.

"Alhaji, in kai har Kalgo kaka zuwa cin abinci, to mu mi kaka ba mu a gidan abincinka?"