Sunayen da Guga ta Cinye

"Daga yau kada wanda ya sake goge allon tagullar nan," in ji sabuwar mai kula da kayan tarihi a kwalejin hafsoshin sojan ruwa.

Tsohon mai horar da ɗalibai ya yi jifa da tsumma. "'Yar nan, shekara talatin ina sa yara suna goge shi kowace safiya. Sunayen ɗalibanmu ne da suka nutse a teku. So kike su yi dauɗa?"

Ta kama yatsansa ta ɗora a kan tagullar. "To karanta min layin farko, Baba."

Sumul kamar madubi. Gugar girmamawa ta cinye haruffan, fuskarsa kawai ya gani.

"Takardun da ke ɗauke da sunayen sun ƙone lokacin yaƙi," ta ce. "Babu inda aka sake rubuta su."

 Tsohon ya gyara hula, ya ƙame.

"Ɗauko biro. Su arba'in da ɗaya ne, kuma ba inda za ki sai mun gama."

Ya rufe ido, ya soma jan yatsa a kan allon, yana kiransu ɗaya bayan ɗaya.