Katifar Kare

Kai ma ka sha wuce maigadi kwance a kan kwali, ka kau da kai.

Wani tsoho maigadi mai kwana a kan kwali, ubangidansa ya aike shi ya zaɓo wa kare katifa, wai gashinsa gajere ne, sanyi na damunsa. A kanti tsohon ya dinga kwanciya a kan kowace.

Mai kanti ya ce, "Baba, kare ne ko raƙumi?"

"Ba ni doguwar."

Da safe ubangidan ya kawo baƙi su ga gatan karensa. Suka tarar da tsoho da kare a katifa ɗaya.

Ubangidan ya ce, "Mene ne haka?"

"Ranka ya daɗe, shekarata tara a gidan nan. Kare ne ya fara yi min tayin shimfiɗa."

Baƙin suka zuba wa kwalin ido.

Tashi yanzu ka duba makwancin maigadinka.