Sukarin Ɗurin Ƙarshe

Nélida ta riƙe hannun Don Fermín kafin ya zazzage sukarin a cikin kwalbar da za su ɗura giya.

"Ba haka ba, Don Fermín. Sai an narkar da shi tukuna."

Tsohon ya tsuke baki, ya ce 'yan matan yanzu sun cika iyayi, amma ya sakar mata. Ta dafa sukarin a ɗan ruwa, ta bari ya huce, ta zuba a gindin bokiti, sannan ta janyo giyar da tiyo ta kwarara a kansa. Ta miƙa masa dogon cokali, ta ce ya juya a hankali kada ya tada kumfa. Sukarin ne ke sa giya ta yi gas a cikin kwalba; in bai gauraya sosai ba, wata kwalbar ta fito salam, wata kuma ta fashe.

Wancan karon abin da ya faru ke nan. Shi kaɗai ya yi ɗurin, kwalaben suka yi ta tarwatsewa a ɗakin ajiya, har wata ta tsaga masa kunci. Daga nan ɗansa Aníbal ya yanke shawara: ranar Asabar za a kai shi gidan kula da tsofaffi a birnin Bariloche. Shi dai an ce masa ganin likita za a je.

Hannunsa na rawa, amma da cokalin ya shiga bokiti sai rawar ta tsaya. Ya juya daga ƙasa zuwa sama, ko ɗigo bai fantsama ba.

Suna rufe kwalaben ya yaba mata, ya ce ta iya aiki, sai dai duk garin El Bolsón babu mai hannu irin na 'yarsa. Shi ya koya wa 'yar, tun tana taka akwati kafin ta leƙa bokiti. Yanzu ta girma ta manta da shi, ko waya ba ta yi.

Nélida ta ce wataƙila aiki ne ya sha kanta.

"Kada ki kare ta," in ji shi. "Ke da ba jinina ba, ba ga ki kullum a nan ba?"

Ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da danna murafe.

Da suka gama ya zaɓi kwalba ɗaya, ya goge ta da gefen rigarsa, ya danƙa mata. Ya ce in 'yar ta zo yana wajen likita, a ba ta, amma ta bari gas ya kama kafin ta buɗe. A kuma gaya mata bai yi fushi ba.

Ya ja ƙafa ya shige ɗaki. Nélida ta tsaya rungume da kwalbar, sai da ta ji ƙofa ta rufu sannan ta bar hawayen suka zubo.

"Na ji, Baba," ta ce a hankali, sunan da ta daina kiran mahaifinta da shi tun ranar da ya dube ta bai gane ta ba, ya tambaye ta wa ta zo nema.