Ranar da na taka har bakin ruwa

Shekarar da aka sauke tutar Turawa ina ɗan shekara bakwai, na yi wata biyar kwance da ciwon ƙafa a gidanmu na unguwar Diobu a Fatakwal. Wata la'asar Baba ya dawo daga mahauta ya ce, "Tashi mu je ka ga ruwan Fatakwal."

A gangaren ƙarshe ƙafar ta fara rawa. Na miƙa hannu don ya ɗauke ni, ya ƙi.

"Saura kaɗan. Da ƙafarka za ka isa."

Na kuwa isa, iska tana warin gishiri da laka. Na shiga ruwan har gwiwa ina dariya. Har yau ina jin muryar Baba yana gaya wa wani mai kwale-kwale, "Ɗana ne. Daga Diobu ya tako."