Yatsun Viorica

Viorica ta sake zama gaban kwamfutar, ko rigar sanyinta ba ta cire ba. Ta zura hannu bayan labule ta kunna hitar ɗumama ɗaki ba tare da ta duba ba.

Gwajin ba wuya. Kalma ta fito, ka danna dama ko hagu da sauri. In yatsanka ya fi saurin haɗa "ciwon damuwa" da "rago" fiye da "mutumin kirki", to an kamo abin da ke kwance a ƙasan zuciyarka. Masu ciwon kaɗai ake gwadawa a wannan asibiti na birnin Iași, don a ga ko su ma suna ƙyamar kansu.

Ita da ta shekara da shekaru tana shan magani, kullum bakinta na faɗa wa mutane ciwon nan kamar hawan jini yake, a ce ita ce mai ƙyama? Taɓɗi!

Ta yi ta dannawa kamar za ta fasa maɓallan. Sakamako ya fito irin na jiya: ƙyama mai ƙarfi.

"Ƙarya ne! Sorin, na'urar nan taka ta taɓu, ita ya kamata a ba gado."

Sorin, mai binciken, ya sosa sanƙonsa. "Ranki ya daɗe, tana iya kuskure ai. Kuma lamba muke sawa, ba suna ba. Ban da ni, ba wanda zai sani."

Maganar ta soke ta. Ba wanda zai sani! Ai saboda haka take hawa jirgin ƙasa har garin Vaslui sayen magani, inda mai kantin bai san fuskarta ba. Saboda haka take juye ƙwayoyin a kwalbar bitamin, don in garin nan ya ji, aikinta na iya tafiya. Haushi ya turnuƙe ta, kuma ba na na'urar ba ne.

Ta zaro sabon kwali daga jaka, sunan maganin ɓaro-ɓaro a jiki, ta nufi ɗakin jira, inda marasa lafiya suka cika benci, kowa kai a sunkuye. Ta ɓalle ƙwaya ta haɗiye a gabansu, ta ɗaga kwalin sama.

"Ku duba da kyau, irin naku ne. Mai son yaɗawa ya yaɗa!"

Wata tsohuwa ta yi alamar gicciye a ƙirjinta.

Viorica ta tuɓe rigar sanyin, farar rigar likita da ke ciki ta bayyana, ta tura ƙofar da aka rubuta wa "Shugabar Likitocin Ƙwaƙwalwa", ta ce, "Wa ke bi? Shigo."