Baduku da Sabon Gidan Bayan Gari

Tunda ka ce zuciyarka ta rabu biyu, ko ka gyara gidan nan ko ka tashi, zauna ka ji misalin wani baduku da aka yi a cikin birni, mai suna Tanimu. Gidansa na gado ne, ginin ƙasa da rufin azara, kakansa ya gina shi a kan tudu. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an kwaɓa ƙasa an yi yaɓe, an gyara indararo, in kuwa aka yi sake, damina ta sa su jera kwanuka a tsakar ɗaki. Wata shekara bangon zaure ya tsage, magini ya duba ya ce sai an sauke rufin an sake aza shi. Nan gidan ya fita daga ran Tanimu. Matarsa ta ce a gyara. Mahaifiyarsa, tsohuwa ce da ƙafa ta riga ta kasa, ta ce ita dai nan aka kawo ta tana amarya, nan kuma take so a ɗauki gawarta. Shi kuwa ya gaji da dama laka. Ana cikin haka, a tsakiyar bazara, wani dillali ya kai shi bayan gari ya nuna masa gida sabo fil, ginin bulo, rufin kwano, daɓen siminti sumul, fenti bai gama bushewa ba. Tanimu ya zaga, ya ƙwanƙwasa bango ya ji tauri, shi ke nan ya gamsu. Bai tsaya ya tambayi kowa a unguwar abin da ke wurin kafin a yi ginin ba. Ya sayar da gidan gado ga wani ɗan kasuwa, aka loda kaya a a-kori-kura, aka ɗauko tsohuwa a kan katifarta tana share hawaye da bakin mayafi.

Ruwan farko ya zo ya wuce ba ɗigo ko ɗaya, Tanimu yana ta tsokanar matarsa, wai ta ajiye kwanukanta su huta. Da damina ta yi nisa, ƙofar ɗakin tsohuwa ta fara ƙin rufuwa, ya kira kafinta ya fere ta, bai kawo komai a ransa ba. Wata rana da hantsi, bayan an sha mamako, yana zaune a ƙofar gida yana yanka fata, sai ya ji ƙara daga ciki kamar an fasa babbar randa, sai kuma salatin matarsa. Ya faɗa gidan a guje, wuƙar aiki na hannunsa, ya tsaya cak. Tsakar gida ta dare gida biyu. Turmi da tukwane suna gangarawa cikin ramin, wani baƙin ruwa mai ɗoyi yana bulbulowa, yana turo ledoji da tsummoki da ruɓaɓɓun takalma. Ɗakin tsohuwa ya durƙusa ta gefe ɗaya kamar raƙumi, bango ya rabu da rufi har ana hango sama. Daga ciki ya ji muryarta tana rawa: "Tanimu, ƙasa za ta tafi da ni!" Ƙofar ta matse, ya sa kafaɗa ta ƙi motsi, sai da ya fizgi taɓarya daga hannun matarsa ya ɓalle ta. Ya tarar gadon ya zame ya jingina da bangon da ke nutsewa, ruwa ya fara cin katifa. Ya sunkuya ya goya uwarsa, ya fito ƙafarsa tana lumewa har gwiwa. Bai kai bakin titi ba ya ji ɗakin ya zube a bayansa.

Maƙwabta suka taru ana ta salati. Wani dattijo mai lambu ya dube shi ya ce, "Malam, ashe ba a faɗa maka ba? Ai nan kududdufi ne. Da shara aka cike shi, aka watsa jar ƙasa a kai." Aka kira dillali, wayarsa a kashe. Da Tanimu ya rasa abin yi, sai ya tari ɗan adaidaita sahu ya sa tsohuwa a ciki, suka nufi tsohuwar unguwarsu, da niyyar ya roƙi wanda ya sayi gidan ya ara masa ko ɗaki ɗaya ne kafin damina ta wuce. Da suka shawo kwanar layin, sai ya ɗauka hanya suka ɓata. Fili ne fetal. An baje gidan za a yi shaguna, ga bulo an jibge, ga leburori suna haƙa fandisho a daidai inda aka binne cibiyarsa. Tsohuwa ta leƙo, ta dubi dama, ta dubi hagu, ta ce, "Ina ɗakina?" Tanimu ya zauna daɓas a bakin hanya, lakar kududdufi tana bushewa a ƙafarsa.

Ban ce kada mutum ya tashi ba, duniya da faɗi take. Amma tsagar da kake gani a bangonka ka san iyakarta, wadda ke ƙarƙashin daɓen wani kuwa sai ka tambaya. Tanimu bai tambaya ba, sai ya zama shi ne wanda Hausawa ke nufi da suka ce: an yi gudun gara, an faɗa gidan zago.