Naman Baba a Kan Ƙaramar Wuta

Haƙoran Baba sun zube, amma kwaɗayin nama yana nan daram. Shi ya sa matar ɗansa, mai kitso, ta sayo tsokar sa dunƙule guda, ta soya ta har ta yi ja, ta zuba albasa da karas da ruwa, ta rufe tukunya. Irin wannan girki ba ya son gaggawa. Sai an rage wutar gas ta koma kamar ta kyandir, a bar nama ya yi ta dahuwa har cokali ya iya yanka shi.

"'Yar nan, yau dai ba roba za ki ba ni in tauna ba ko?" in ji Baba daga kan kujerarsa, yana jan hancin da mura ta toshe.

"Haba Baba, wannan ko jariri sai ya ci."

Sai ga maƙwabciya ta leƙo, wai a zo a kama mata kai. Mai kitso ta ce ai tsare tukunya ba shi ke dafa nama ba. Ta rufe tagar kicin gam saboda wata ɓarauniyar kyanwa, ta ja ƙofa ta fita.

To, kitso da hira, wa ke duba agogo? Tana can romo ya tafaso ya kashe 'yar wutar, gas kuwa ya ci gaba da fita.

Da ta dawo, tun daga bakin ƙofa warin gas ya doke ta. Ta dubi kujerar Baba, wayam. Sai ta jiyo motsin kwalin ashana a kicin.

"Wutarki ta mutu, 'yar nan," Baba ya ce. "Bari in kunna miki."

"Baba, kar ka ƙyasta! Wayyo Allah, Baba!"

Ina, ya riga ya ƙyasta.

Ƙarar fashewar gas ta farfasa gilashin taga. Da jiƙaƙƙen bargo maƙwabta suka fito da tsohon, ita kuwa tana durƙushe tana ihu, tsoro ya hana ta kallonsa.

A asibiti mijinta tambaya ɗaya ya yi mata: "Kina ina?" Baba bai kai washegari ba.

Jama'a, wuta ba ta da ƙarama. Kada mu ɗora girki mu bar gida, kuma in an ji warin gas a buɗe tagogi, a fitar da kowa, kada a ƙyasta komai.